Mataccen da ke Riƙe da Jirgin Baba

Gibraltar,
3 ga Nuwamba, 1987.

Zuwa ga Yayata Araceli,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gindin Dutsen Gibraltar zuwa can ƙarshen duniya inda kika je kika ɓuya mana. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Lionel da 'yan biyunki, ya kuma sassauta miki ciwon gwiwar nan da kika ce yana hana ki hawa bene. Mu nan kowa ƙalau, sai godiya. Maigidana Malcolm yana nan da tarinsa da tabarsa, ya ƙi rabuwa da ko ɗaya. Autanmu Wilfred ya ƙara tumbi, matarsa Marisa kuma ta kusa sauka, muna sa rai kafin Kirsimeti. Jiya, ranar tuna matattu, na kai wa Mama furanni, na wanke dutsen kabarinta, na kuma ba ta labarin da zan ba ki yanzu. Ki nemi kujera ki zauna kafin ki ci gaba, don ni da nake rubutun har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Da farko dai, ki ɗauko wasiƙar da na aiko miki a watan Agusta ki yayyaga ta. A cikinta na ce miki tun da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye a watan Maris, magana ta ƙwace masa, Turanci da Sifaniyanci duka, sai kalma ɗaya tak, muerto, wato matacce. Na ce miki mutuwa yake roƙo, kuma bai san kowa ba. Ke kuma kika amsa da cewa in haka ne ba za ki ratso rabin duniya don ki kalli gangar jiki babu mai ita ba, gara ki riƙe shi a ranki yadda kika bar shi. Na yi mako guda ina zaginki a cikin kicin, daga baya na ce gaskiyarki. To, Yaya, ni da ke duk mun yi kuskure, amma nawa ya fi muni, don ni ce a ɗakin.

Ki san yadda muka yi waɗannan watanni. Kullum da safe Malcolm ya ɗauko shi daga gado ya zaunar da shi a kujerar Mama da ke bakin taga, wadda ake hango tashar ƙananan jirage daga cikinta. Sai ya ƙura wa ruwa ido, ya ɗaga hannunsa na hagu mai lafiya, ya nuna waje, ya ce muerto. Da fari sau ɗaya ne ko biyu a wuni. Zuwa Yuli ya kai sau hamsin, har da dukan hannun kujera, har da hawaye. Malcolm, kin san shi, shekara ashirin da biyu a garin nan amma Sifaniyancinsa bai wuce na sayen giya ba, sai ya tambaye ni me tsohon yake cewa. Ni kuma na fassara masa: wai ya mutu, ko kuma a bar shi ya mutu. Na kira Fadan cocinmu ya zo ya yi masa addu'a, Baba ya ture kwalbar man shafawa ta faɗi ƙasa. Likita ya ce baƙin ciki ne da ke bin irin wannan ciwo, ya ƙara ƙwayoyi. Ga kuma rigimar kujera. In na matsar da ita ko da taki ɗaya don in yi shara, sai ya yi ta gurnani yana jan rigata har sai na mayar da ita daidai kan tabon da ƙafafunta suka yi a daɓe. Wata rana raina ya ɓaci na daka masa tsawa, na ce Baba, kujera ce fa, ba bagadin coci ba! Allah ya yafe mini.

A tsakiyar Satumba ya daina cin abinci. In na kawo cokali sai ya datse haƙora ya juya fuska wajen taga. Ya rame har zoben aurensa ya zame daga yatsa na tsince shi a cikin bargo. Nan ne Wilfred ya zo da takardun gidan tsofaffi, ya ce mini, Yaya Nieves, kina kashe kanki a banza, mutumin nan ya riga ya tafi, can aƙalla suna da robar da za su zura masa abinci. Na yi kuka, na yi masifa, na kore shi, bayan kwana uku na sa hannu. Aka tsayar da Litinin, ashirin da shida ga Oktoba, za a zo a ɗauke shi daga gidan da ya yi shekara hamsin a ciki.

Kafin in ci gaba, ki tuna dokar Mama. Tun da teku ta cinye ƙanenta, ta hana maganar jirgi a gidan nan. Baba ya yi shekara arba'in da huɗu yana ɗaure manyan jirage a tasha, amma in ya dawo, takalmansa na roba suna tsayawa a bakin ƙofa, maganar tasha ma haka. Mu 'ya'yansa aka tura mu makarantar sistoci muka koyi Turancin littafi, a gida muka koyi Sifaniyancin kicin da na cacar baki. Ko sau ɗaya ba a bar mu mun taka jirginsa ba, jirgin da ya laƙa wa sunan Mama don tsokana, ya ce tunda ita ba za ta shiga ruwa ba, to sunanta ya shiga. Sannan ga laifina ni kaɗai: tun da ya kwanta na hana abokansa na tasha shigowa. Na ce ba zan bari su ga Baba, Eulogio guda, wanda muryarsa ke ƙetare tasha daga wannan bango zuwa wancan, yana zubar da yawu a kan tawul ba. Girman kaina ne, na yi masa suna kunya.

Ranar Alhamis, sha biyar ga wata, saura kwana goma sha ɗaya, ina shanya kaya da hantsi sai na ji ana buga ƙofa da sanda. Kawu Baldomero ne, na La Línea ta tsallaken iyaka. Kin tuna shi? Gajeren nan mai katon hanci da suka yi aiki tare da Baba har ranar da aka rufe iyakarmu da Sifaniya, wanda yake kawo mana alewar almond a aljihu. Ya tsufa tukuf, ido ɗaya a rufe da auduga, don an yi masa aiki a Málaga wajen 'yarsa, shi ya sa bai ji labari da wuri ba. Na fara yi masa bayanin cewa Baba ba ya ganin baƙi. Ko kallona bai yi ba. Ya ce 'yar nan, matsa mini, na hawo matakala ɗari da sha huɗu da gwiwar aro, na zo in yi ban kwana da wannan tsohon banza ne, ba in saurari wa'azinki ba. Ya ture ni da sanda ya shige.

Yana shiga ya cire hula, ya tsaya a kan Baba, idonsa mai lafiya ya ciko da ƙwalla. Baba ya ɗago ya dube shi, ya cafki hannun rigarsa da wani ƙarfi da ban san yana da shi ba, ya nuna taga, ya ce muerto. Na sunkuya na raɗa wa Kawu cewa haka yake yi tun bazara, mutuwa yake kira, ya yi haƙuri. Kawu ya dube ni, ya dubi taga, ya sake dubana. Sai ya tambaye ni, a hankali, wa ya duba mataccen jirgin bana. Na ce wane matacce kuma, Kawu? Yaya, sai mutumin nan ya zauna a bakin gado ya fashe da dariya, dariya har da tari, har da riƙe ciki, ni kuwa ina tsaye kamar in shaƙe shi. Da ya samu numfashi sai ya ce, wayyo ni Baldomero, 'yar Tafinta guda ba ta san matacce ba! Tafinta kuwa laƙabin Baba ne a tasha. Ya ce ke 'yar boko, kina tsammani da me aka ɗaure jirgin ubanki a tsakiyar ruwa, da addu'ar sistoci?

Ashe muerto, a bakin mutanen tasha, wani ƙaton curin siminti ne da ake nutsarwa a ƙarƙashin ruwa, da zoben ƙarfe a kansa. Daga zoben sarƙa ta taso zuwa jar gangar nan da ke yawo a sama, a jikin gangar kuma ake ɗaure jirgi. Suna ce masa matacce don yana kwance a ƙasa, ba ya motsi, ba ya magana, kuma shi ke riƙe da masu rai. Kawu ya ce duk shekara a watan Mayu Baba yakan sa mai nutso ya sauka ya duba nasa, bai taɓa tsallake shekara ba. Bana babu wanda ya sauka. Ina jin haka na zauna a ƙasa daɓas. Baba kuwa ya rufe ido, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye na bin kumatunsa, yana ta gyaɗa kai.

Malcolm ya dawo cin abincin rana ya same mu haka. Na yi masa bayani da Turanci, tun ban kai ƙarshe ba fuskarsa ta yi fari fat, ya dafe goshi ya ce ai sinker ke nan. Haka suke kiransa a Hull, garinsu na Ingila. Ya san abin sarai, shekara tara ya yi a jirgin soja. Duk Lahadi yana tuƙa kwale-kwale ya je ya kwashe ruwan da ya taru a jirgin Baba, ya duba igiyar sama, ya ga lafiya lau, ya ce a ransa na ƙasan ya jira baɗi. Kin ga abin da ya faru a gidan nan? Ni na san kalmar, ban san abin ba. Shi ya san abin, bai san kalmar ba. Muna kwana a gado ɗaya wata bakwai, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa Turawan Ingila da mutanen Sifaniya tafinta yana ɗaki na kusa, ya rasa mai yi masa tafinta.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai yana gaba. Kawu ya ce a ɗaga Baba a ba shi kujerar, kada kuma a kuskura a matsar da ita. Ya zauna, ya kanne ido, ya daɗe yana kallo, sai na ga ya yi alamar gicciye. Ya kira ni ya ce in zauna in duba sandar tsakiya ta taga. In ka zauna daidai wurin, sandar tana faɗawa kan fitilar da ke ƙarshen bangon tasha. Ya ce shi da Baba suka nutsar da mataccen nan da hannunsu tun kafin a rufe iyaka, kuma Baba ya zaɓi wurin ne don da safe, in ruwa ya kwanta, ganga ta zauna a kan layi ɗaya da sandar da fitilar, ya riƙa duba jirginsa daga gida ba tare da Mama ta sani ba. Na duba. Gangar ta kauce hagu da kamar faɗin yatsu uku. Matacce ya motsa. Yaya, mutumin da na ce bai san kowa ba, wanda na sa hannu a kai shi gidan tsofaffi, kullum safiya awo yake yi. Yana ganin gangar tana gusawa kaɗan kaɗan, yana sane da cewa iskar kudu maso yamma tana zuwa da kaka, yana sane da ƙananan jiragen masunta wajen talatin da ke bayan nasa, yana faɗa mana da kalmar da ta dace, mu kuma muna kira masa Fada.

Ranar Asabar mai nutso ya sauka. Da ya fito sai ya zauna a bakin kwale-kwale ya ce simintin ya kife a gefe, ya ja kusan gaba huɗu daga mazauninsa, zoben kuma sarƙa ta goge shi ta ɓangare ɗaya. Ya yanko shi ya kawo. Ƙarfen da aka ce asalinsa ya kai kaurin babban yatsan Malcolm, a wurin gugar bai fi kaurin zoben aurena ba. Malcolm ya kama shi da hannu biyu ya murɗa, sai ya ɓalle. Ga shi nan a kan tebur gabana yanzu, na danne takardar nan da shi.

Labari ya bazu a tasha kafin azahar. Mutanen da na yi wata bakwai ina korarsu daga bakin ƙofa, babu wanda ya ce mini ci kanki, sai dai suka fito da wani sabon siminti daga ma'ajiyarsu, da sabuwar sarƙa, suka ɗora a jirgin aiki. Lahadi bayan an taso daga coci suka tafi nutsarwa. Kawu Baldomero ya tsaya a kan bango yana ba da umarni da sanda, ni kuma aka ce in tsaya kusa da Baba da farin tawul, in kaɗa shi ta taga in ganga ta hau layi. Baba ne yake tura gwiwar hannuna, hagu, dama, hagu kaɗan, ina nuna musu. Da ta hau, ya buga hannun kujera, na kaɗa tawul, suka saki. Bayan kamar rabin awa sai na hango Kawu ya yar da sanda, ya juyo wajen gidanmu, ya ɗaga hannuwansa biyu sama da kai ya gitta su. Daga baya na ji cewa alamarsu ce ta an ɗaure, ya kamu, kuma wanda aka yi wa dole ya mayar da irinta. Baba ya ɗaga hannunsa na hagu. Ya dubi na dama da ke kwance a cinyarsa, ya yi ƙoƙari, ya ƙi tashi. Sai ya kama wuyan hannuna, ya ɗaga shi sama, ya gitta da nasa. Muna haka, hannuna da nasa a jikin gilashin taga, sai na ji murya a kunnena, a shaƙe amma sarai: firme, wato ya kamu tamau. Kalmarsa ta biyu ke nan tun watan Maris. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a jana'izar Mama. Da rana ya sha miyar kifi kwano guda, ya kuma nuna calentita, wainar nan ta garin wake, da ke hannun Malcolm, aka ba shi ya cinye.

Iskar ta zo ranar Laraba da tsakar rana. Kin san ta, ba sai na faɗa miki ba, amma ta bana ta yi fushi. Ruwa yana tsallake bangon tasha, fitilar ma ɓacewa take yi ta dawo. Jirage biyu sun tsinke a can wajen tasha, ɗaya ya dagargaje a kan duwatsu, Allah ya sa babu kowa a ciki. Na Baba kuwa yana ta tsalle yana fizgar sarƙa, yana miƙewa tsaye yana faɗowa, na ce yanzu zai tafi, yanzu zai tafi, bai tafi ba. Na tsaya a bayan kujera ina kallon ƙananan jiragen da ke bayansa, na Joselito mai 'ya'ya shida, na gwauruwar nan ta layin coci, ina tunanin wancan siririn ƙarfe. Ni ba mai yawan ibada ba ce, kin sani, amma ranar na ji tsoron Allah. Na leƙa fuskar Baba in ga ko hankalinsa ya tashi. Barci yake yi abinsa, baki buɗe.

Yanzu ki ji na ƙyaure. Kawu ya tambayi Malcolm ko ɗakin ajiyar Baba na tasha yana nan da ƙyaurensa na da. Ashe a bayan ƙyauren Baba ya rubuta kalmomin aikinsu da farin fenti, Turanci a hagu, Sifaniyanci a dama, layi talatin da ɗaya, da su yake koyar da sababbin ma'aikata. Malcolm ya ce ya gan shi sau ɗari. Na ce to, ba ka ga muerto a ciki ba? Ya sosa ƙeya ya ce shi ɓangaren hagu kawai yake karantawa. Kawu ya ce ai haka mutanen Ingila suke tun da aka halicce su. Ya ba mu labarin dalilin rubutun. Wai wani matuƙi Bature ya taɓa daka wa wani sabon ma'aikaci ɗan Algeciras ta Sifaniya tsawa, make fast, yana nufin ɗaure ta tamau. Shi kuwa bawan Allah abin da ya sani a Turanci shi ne fast sauri ne, sai ya ruga da gudu da igiya a kafaɗa ya wuce turken ƙarfen gaba ɗaya. Wata rana kuma aka ce wa wani Bature larga, wato saki, shi kuma ya san kalmar da ma'anar doguwa, sai ya yi ta ƙaro igiya har ta naɗe a farfelar jirgi. Kawu ya ce a aikinsu kalma ɗaya in ta kauce, ƙafar mutum ce ke tafiya, ya kuma ɗaga wandonsa ya nuna mana tabo. Shi ya sa Baba yake tsayawa a tsakiya, yana karɓa daga wannan baki yana jefawa wancan, har sunan Tafinta ya bi shi.

Na sa aka ciro ƙyauren. Malcolm da Wilfred suka hawo da shi matakala ɗari da sha huɗu suna zagin juna, maƙwabta na leƙe. Yana jingine a bangon ɗakin Baba yanzu, yana warin kwalta, Mama ta yi haƙuri. Ikon Allah, Yaya: sunana bai dawo bakinsa ba, ruwa da burodi ba su dawo ba, amma kalmomin ƙyaure suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, kuma da su yake mana magana. In na cika shi da gyaran matashi sai ya ce lasca, wato sassauta. In Malcolm zai ɗaga shi bai shirya ba, aguanta, riƙe tukuna. In ya ƙoshi, larga, a ɗauke kwano. Da Marisa ta zo, ya dubi cikinta ya ce firme, muka yi ta dariya. Likita ya zo ya zauna awa guda yana rubutu, ya ce ya taɓa karanta irin haka amma bai taɓa gani da idonsa ba. Ranar Litinin ɗin da aka tsayar, Wilfred ya shigo da takardun, ya durƙusa gaban kujera, ƙaton mutum mai tumbi, ya ce Baba ka yafe mini, ya yayyaga su a gabansa. Baba ya dubi tarkacen ya ce larga. Babu inda za a kai shi.

Saura magana ɗaya, ita ce ainihin dalilin wannan doguwar takarda. Shekara goma sha tara kina riƙe da Baba a zuci cewa ranar da za ki tafi Fremantle ta Ostireliya bai zo rakiya ba, ya zaɓi ya tafi aiki. Ni ma haka na ɗauka. Kawu ya ce ƙarya ne. Ranar hutunsa ce, ya roƙi wani suka yi musaya, don ya ce babu hannun da zai saki igiyar jirgin da ke ɗauke da 'yarsa sai nasa. Kina sama kina neman fuskarsa a cikin masu ɗaga hannu, shi yana ƙasa can wajen gindin jirgi, a bakin turke na ƙarshe. Kawu ya ce da aka ba da umarnin saki, Baba ya jinkirta har matuƙi ya sake maimaitawa, abin da bai taɓa yi ba a duk aikinsa. Sannan ya cire igiyar ya jefa ruwa, ya koma ɗakin ajiya ya rufe kansa.

Shekaranjiya na ɗauko hotonki, wanda kike tsaye da yara a gaban gidanku, na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana kallo, ya shafa fuskarki da babban yatsa, sannan ya ce wata kalma da ban taɓa ji a bakinsa ba: cobra. Malcolm ya ce shi dai maciji ya sani da wannan suna. Na ce rufe mini baki, ni na daina fassara da ka. Na je gaban ƙyaure na bi layukan da yatsa, na same ta a na goma sha bakwai, na karanta ɓangaren hagu, na kira Kawu a waya don in tabbatar. Ya ce ita ce kalmar da ake faɗa in jirgi ya iso, an jefo igiya, ta kai hannu: jawo ta, jawo ta gida. Na koma na tambayi Baba ko Araceli yake nufi. Ya ɗora tafinsa a kan hoton, ya dube ni ido cikin ido, ya sake cewa cobra.

To, Yaya, na yi wata bakwai ina yi wa mutumin nan mummunar fassara, wannan karon ba zan kuskure ba. Ba gangar jiki ba ce a ɗakin nan, Baba ne, kuma ya ba da umarni. Shekararsa tamanin da ɗaya, zuciyarsa ba ta da ƙarfi, likita bai ɓoye mini ba. Kada ki tsaya rubuto amsa, ki bugo waya ki faɗa mini ranar.

Ki gaishe mini da Lionel, ki ce masa ya iya dafa wa kansa ƙwai na wata guda, ba zai mutu ba. Ki sumbaci Gemma da Adrian, in makaranta ta bari ki taho da su. Malcolm yana gaisuwa, yanzu ya fara karanta ɓangaren dama. Wilfred da Marisa suna gaisuwa, Kawu Baldomero kuma ya ce in tambaye ki ko har yanzu kina satar alewa a aljihun mutane. Allah ya kiyaye hanya, ya kawo ki lafiya. Na riga na wanke zannuwan gadonki.

Ƙanwarki da ke riƙe da wannan bakin igiyar,
Nieves.